Farar Tsakuwar da Na Karɓa a Ƙofar Birnin Kaka

Da sunan Wanda ya halicci ido ya ba shi gani, ya halicci kunne ya ba shi ji, ya halicci ƙafa ya ce mata ga ƙasa nan da faɗi. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana da kuka hana ni sakat da tambaya tun ranar da na sauke jakata a zaure, ga labarin na zauna na rubuta, bakina ya huta, kunnuwanku su ƙoshi.

Sunana Shekarau. Innata takan ce zaman da na yi a cikinta shi ne zama mafi tsawo da na taɓa yi a wuri guda, kuma ba ta yi mini ƙazafi ba. Abin da ya fitar da ni daga gida kuwa tambaya ce. Wata rana wanzami yana yi wa kawuna ƙaho a gindin darbejiya, kawu yana cije baki, sai na ce, "Kawu, ni fa in an tsaga ni na san zafin da nake ji. Kai ta yaya zan san naka irin nawa ne? Ko ma ba ka jin komai, cije bakin kawai kake yi?" Kawu ya jefe ni da takalmi. Amma wani fatake da ke shan inuwa a wurin ya yi dariya ya ce, "Samari, tambayarka tana da gari. Can bayan Tekun Gishiri akwai birnin da shi kansa birnin yake tunani, malamansu kuma sun tsufa suna gardamar ko yana jin kansa." Kafin damina ta faɗi na ɗaura jaka.

Ba zan gajiyar da ku da labarin teku ba, domin amai ne farkonsa, amai ne ƙarshensa. Da na sauka sai na shiga wani kurmi da ake kira Kurmin Amsa-kuwwa. Itatuwansa fari fat kamar ƙashi, kowanne da kogo a ƙirjinsa. Ina cikin tafiya sai na ji mace tana kururuwa, "Wayyo Allah, a taimake ni!" Na zabura a guje ina cewa, "Ina kike?" Aka ce, "Ga ni nan!" Saura taku kaɗan in faɗa wani taɓo mai haɗiye mutum, Allah ya sa tsinin sandata ya riga ni nutsewa. Ina tsaye ina haki sai na sake jin kukan daga bayana, har da wani ɗan tari da ya biyo shi ɗazu, babu ragi babu ƙari. Nan na gane itatuwan ne. Duk muryar da ta taɓa bi ta kurmin sun haɗiye ta, in ka yi musu tambayar da aka saba yi, sai su amayo maka amsar da aka saba bayarwa.

Sai dabara ta zo mini. Da aka sake kururuwa na ɗaga murya na ce, "Baiwar Allah, a miyar kuka daddawa kika fi so ko man shanu?" Tsit! Kurmi ya yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Babu matafiyin da ya taɓa tambayar wannan a wurin, don haka babu itacen da ke da amsa. Haka na riƙa tafiya, duk muryar da ta kira ni in jefa mata tambayar wauta ta yi gum, ina dariya ni kaɗai. Can sai wata murya ta yi kira, na jefa mata tambayar miyata, sai na ji an ce, "Daddawa mana, ɗan banza! Wane mahaukaci ne wannan? Zo ka ciro mini jakina!"

Wata tsohuwa ce, gajeriya, ƙaƙƙarfa, ta riƙe wutsiyar jaki wanda ya nutse a taɓo har ciki. Na sara rassa na shimfiɗa, muka ja, muka ja, jaki ya fito yana atishawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce sunanta Tumba, in ce mata Gwaggo, kuma ita ma birnin da nake nema za ta, don tana da abokin gardama a can.

Bayan kurmi muka iso wani kogi mai gari a kowace gaɓa. A gaɓar farko hular wani dattijo ta faɗi, na ɗauka na miƙa masa. Jama'a suka ɗaga ni a kafaɗa, ana guɗa, aka cika mini jaka da dabino. Na ce a raina, ashe kirki ko'ina kasuwa gare shi. Muka haye. A ɗaya gaɓar awarwaron wata mata ya zame ya faɗi, na yi wuf na ɗauka na bi ta da shi ina murmushi. Matar ta kwarma ihu, maza suka fito da kulake! Gwaggo Tumba ta fizge awarwaron daga hannuna ta jefar a ƙasa, ta tattake shi, ta ce musu, "Ku yi haƙuri, ruwan waccan gaɓar ya sha, bai warke ba tukuna." Suka sauke kulake suna girgiza kai don tausayina. Ashe a wurinsu abin da ya faɗi rabon ƙasa ne, wanda ya mayar maka da shi kuwa ya kira ka sakarai a bainar jama'a.

Da muka yi nisa na ce, "Gwaggo, su wane ne ke da gaskiya?"

Ta ce, "Ni ka tambaya? Ni ce alƙaliyar garuruwan nan biyu a da. Da safe in yi shari'a a nan, da yamma in haye can. Ran nan na sa wa wani mutum rigar girma da safe, da yamma na sa aka yi masa bulala, mutum guda, aiki guda. Sai na ajiye sandar. Ɗana, kyau da muni kamar gishirin miya ne, kowane gida da hannunsa. Ka tona ƙasa har ka gaji, ba za ka haƙo wani abu wai shi laifi ba."

Na ce, "A'uzu billahi! Gwaggo, a garinmu halal a fili take, haram a fili take."

Ta ce, "A garinku. Da bakinka ka faɗa." Ta zunguri jaki.

Haka muka yi ta yi a hanya, ina kawo hujja tana yi mini dariya, har ganuwar birnin ta bayyana, ja wur kamar an shafe ta da jini. Tun daga nesa ake jin wani sauti kamar ruwan sama a kan kwano, ƙas-ƙas-ƙas, ba ya yankewa. Zumuɗi ya kama ni, na bar Gwaggo tana ɗaure wa jaki mangala na ruga gaba. A bakin ƙofa na tarar da wani mutum mai furfura, ya tare ni da fara'a kamar ɗan ɗakinsu. "Maraba da baƙo, maraba! Ungo." Ya miƙo mini wata farar tsakuwa mai santsi. Mu da aka koya mana ba a mayar da hannun kyauta, na ɗauka irin goronsu ne, na sa hannu biyu na karɓa har da rusunawa.

Wallahi ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na mutumin nan ba. Ya tuɓe rigarsa ya yar, ya yanki daji yana ihu, "Na fita! Na fita!" Daga bayana na ji Gwaggo ta ce, "Wayyo ɗan banza, ka karɓa?" Masu gadi suka dafa kafaɗuna a hankali, da ladabi, suka ce, "Barka da zuwa gurbinka."

Ga yadda birnin yake. Ɗakuna ne ƙanana a jere, layi bayan layi, kamar saƙar zuma. A kowane ɗaki mutum guda yana zaune a tabarma, da kwandon fararen tsakuwoyi da na baƙaƙe. Ta kafofi biyu a bangon hagu maƙwabta za su miƙo maka tsakuwa, kai kuma ka miƙa guda ta kafar dama, bisa dokar gurbinka. Kowane gurbi da tasa dokar. Tawa ita ce: in biyun da suka zo launinsu ɗaya, in miƙa fara, in sun saɓa, in miƙa baƙa. Shi ke nan aikin, daga hantsi zuwa la'asar. Ana zuba tambaya da tsakuwa ta gabashin gari, ta bi hannun dubban mutane, ta fito a tsakiyar kasuwa ta wani bututun yumɓu, fara ta faɗa kan ƙaramar ganga, baƙa kan babba. Abin da gangunan suka faɗa shi ne amsa. Wannan abu da ke amsawa suna kiransa Kaka. Shi ke gaya musu ranar shuka, da maganin cuta, da wanda ya ci iyakar gonar wani, kuma maganarsa ba a tsallake ta. Al'adarsu kuwa, wanda ya karɓi farar tsakuwa a ƙofa ya karɓi gurbin mai ba shi, kuma ba ya tashi sai mutuwa, ko shi ma ya sami wanda zai karɓa.

Ni Shekarau, a ɗaki kamar akurki, har mutuwa! Ba su zalunce ni da yunwa ba, tuwo da nama, fura da nono, har wanki ana yi mini. Amma ƙafafuna suka riƙa rawa su kaɗai a kan tabarma.

Mai fassara gangunan shi ne Malam Barmo, dogo siriri mai sanyin murya, kuma shi ne abokin gardamar Gwaggo tun suna da baƙin gashi. Yakan zo da kansa ya kawo mini fura. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, wannan wane irin tunani ne? Tsakuwar da ke bi ta hannuna ban san ko maganar ruwa ce ko ta ciwon ciki ba. Na kusa da ni bai sani ba. Babu mutum guda a garin nan da ya sani. To wa ke tunanin?"

Ya yi murmushi ya ƙwanƙwasa goshina da yatsa. "A cikin nan, wace tsoka ce ta san sunanka Shekarau? Ka yanko ta ka tambaye ta. Kai ma tsakuwa ce ke yawo a kanka, taka dai ƙarama ce, kuma jiƙaƙƙiya."

Gwaggo ta leƙo ta ƙofa ta ce, "Kada ka saurari Barmo mai kan tsakuwa. Tsakuwa ba ta jin komai. Ka tara dubu, ka tara rashin ji dubu."

Malam ya ce, "Ɗigon ruwa ba ya cin mutum, Tumba marar ma'auni, amma kin taɓa raina kogi?"

"Kogi bai san ya ci kowa ba."

"Ke kika shiga cikinsa kika tambaya?"

Suka manta da ni suka ci gaba, furata ta ƙare suna yi.

Sai ranar babbar muhawara ta zo, wadda ake yi kowace shekara bayan girbi. Aka tashi aiki da wuri, gari ya cika kasuwa. Ni kuwa na sa duk raina a kan Gwaggo. Malam Barmo ya miƙe ya ce tunani lissafi ne, duk inda lissafin ya cika, ji yana nan, ko a tsoka ko a tsakuwa. Ya ce daidai da kuskure kuma nauyi ne da su kamar ƙarfe, ko mutane sun yarda ko sun ƙi, mutanen gaɓoɓin kogin nan ma dole ɗaya ɓangare ya karanta ma'aunin a karkace. Gwaggo ta ce to ya kawo ma'aunin a gani, ya nuna kasuwar da ake sayar da shi, ta sayi guda ta kai wa jakinta. Jama'a suka kwashe da dariya. Ta ce in mutum ya ce abu kaza mugu ne, tsaki ne kawai ya yi da kalmomi masu tsawo. Ta yi ta jero al'adun ƙasashen da ta taka, wannan yana tsine wa abin da wancan ke yi wa biki, har Malam ya fara share gumi.

Ban san sanda na yi tsalle na faɗo tsakiyar fili ba. "Alhamdu lillahi! To tunda babu laifi, ni na tafi, a ba ni jakata!"

Gwaggo ta ce, "Zauna, ɗana. In babu laifi a tafiyarka, babu laifi a riƙe ka. Su kuma sun fi ka yawa."

Na juya wajen Malam. Ya ce, "In kuwa akwai laifi, tashinka ƙwaƙule idon mai rai ne. Gurbi bai taɓa zama babu kowa ba tun kafuwar gari."

Kai jama'a! Wannan ya rufe ƙofa, waccan ta sa sakata. Na koma tabarmata ina cizon yatsa.

Hanya guda ta rage, wadda aka bi aka kama ni. Duk baƙon da ke gurbi yana da damar tsayawa a ƙofar gari ranar kasuwa da sassafe, da farar tsakuwarsa. Na yi wanka, na gyara murmushi, na tsaya. Ba a jima ba sai ga wani mai zuma, ƙato, baƙi, da tulu a ka, yana tafe yana waƙa. Kafin in ce uffan ya sauke tulu ya tsoma tsinke ya miƙo mini. "Lasa, ɗan'uwa, lasa ka sa albarka! Sauri nake, mai ɗakina watan haihuwarta ya kama, in sayar in juya kada a yi suna ba ni." Na lasa. Zuma ce ta gaske. Ya hangi hannuna a dunƙule, ya ware tafinsa yana dariya. "Ni kuma me ka riƙe mini?"

Ga tafi a buɗe, ga hanya a buɗe, ga daji yana kirana. Na ce wa hannuna buɗe. Ya ƙi. Na sake ce masa buɗe, sai ƙara damƙewa yake har tsakuwar tana cin namana. Sai na ji bakina yana cewa, "Babu komai. Ka ji, duk wanda ya miƙo maka tsakuwa a garin nan, ka sa hannunka a aljihu." Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ɗauki tulunsa ya wuce.

Ashe tsofaffin nan biyu suna zaune a inuwar ganuwa suna kallo. Gwaggo ta ce, "Kai wawa, me ya hana ka?"

Na ce, "Hannuna ne ya ƙi."

Ta tafa. "Ka ji ko, Barmo? Hannunsa ya ƙi. Iyakar abin ke nan, babu wani ma'auni a sama."

Malam ya ce, "Hannunsa ya ji nauyin abin ne, Tumba. Hannu ba ya jin nauyin abin da babu."

Nan fa haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kun ishe ni! Ku yi mini gafara, iyayena ne ku, amma kun ishe ni! Kun tsufa kuna gardama a kan Kaka, yana ji ko ba ya ji, kamar masu jinya suna magana a kan marar lafiya yana kwance yana kallonsu. Akwai wanda ya taɓa tambayarsa?"

Suka dubi juna. Malam ya ce a hankali, "Ba a yi. Ana tambayarsa ruwa, da cuta, da iyaka. Wa zai dubi kakansa ya ce masa kana da rai? Rashin kunya ne."

Gwaggo ta ce, "Kuma ɓata tsakuwa ne. Abin da aka zuba masa shi zai amayo."

Da ta ce amayo sai kurmin nan ya faɗo mini a rai. Na san duk mai gurbi yana da tambaya guda da zai yi wa Kaka a rayuwarsa, yawanci sukan adana ta don ranar ciwo. Na ce, "Malam, yau zan kashe tawa. Ka ce masa: ni baƙo ne mai zaune a gurbi kaza. In na tashi, za ka ji ciwo?"

Malam ya jera tambayar da tsakuwa, ya zuba ta gabas. Labari ya bazu, manoma suka bar gona suka cika kasuwa. Na koma ɗakina na zauna. Tsakuwa ta fara zuwa, fara da fara, baƙa da fara, ina miƙawa. Ku duba wannan abin al'ajabi: tambayata ce ke bi ta hannuna, ƙila amsar ma da hannuna ake ƙera ta, amma ban gane ko ɗigo ba! Na ce a raina, in itacen kurmi ne, yanzu zai yi gum.

Ɗakina yana daf da kasuwa, ina iya hango gangunan ta ƙofa. Sai ƙaramar ta ce tan. Babbar ta ce dum. Suka kama, gajeren kiɗa, suka tsaya. Idanu suka koma kan Malam Barmo. Jama'a suka ce, "Faɗi mana, Malam!" Ya ce, "Kaka ya ce: Ban sani ba. Tashi mu gani."

Kasuwa ta rikice. Wasu na salati, wasu na kuka. Amma maganar Kaka ba a tsallake ta. Masu gadi suka ja da baya. Na dafa ƙasa na miƙe, na fito waje.

Tsakuwa ta ci gaba da faɗowa ta kafofin hagu, tana taruwa a kan tabarmata babu mai ɗauka. Maƙwabcina na dama ya miƙo hannu ta kafa yana lalube, bai sami komai ba. Na gaba da shi ya tsaya, na gaba da wancan ya tsaya. Sautin nan na ƙas-ƙas-ƙas da ba a taɓa jin yankewarsa a lokacin aiki ba ya riƙa mutuwa layi bayan layi, har birni ya yi shirun da ake jin kukan kurciya daga bayan ganuwa. Malam Barmo ya durƙusa a gaban gangunan ya dafa babbar kamar mai dafa ƙirjin gawa. Wani ya ce, "Ya kashe Kaka." Wani ya maimaita da ƙarfi. Na ga idanu suna juyowa kaina, na ga hannuwa suna laluben duwatsu, kuma ba ƙananan ba.

Sai Gwaggo Tumba ta ratsa taron tana ture mutane da gwiwar hannu. Ta fizge farar tsakuwar daga hannuna yadda ta fizge awarwaron nan, ta shige ɗakina, ta zauna daɓas a tabarma.

Malam ya ɗago. "Tumba! Kin san abin da kika karɓa?"

Ta ce, "Na sani. Kuma kada wani ya ce don daidai ne na yi, in ji mutum ya faɗa sai na fasa masa kai. Ƙafafuna sun gaji da yawo. Ina so in ji yadda abin yake daga ciki. Yaron nan kuma ya ciro mini jaki."

Malam ya ce, hawaye yana bin gemunsa, "Wannan shi ake kira sakayya, Tumba."

"Rufe mini baki, mai kan tsakuwa. Kai ɗan banza, mece ce dokar?"

Na faɗa mata. Ta fara kwashe tulin tana miƙawa, tana mita. Ƙas. Ƙas-ƙas. Layi ya kama, na bayansa ya kama, sautin ya dawo kamar hadari ya sako. Malam ya ruga gabas da gudun da bai dace da shekarunsa ba, ya zuba tambaya: me ka ji? Muka jira. Gangunan suka amsa, Malam ya fassara: "Ban ji ciwo ba. Na dai tarar inuwa ta matsa ba da sanina ba. Wannan ne kuke kira barci?"

Malam ya yi tsalle. "Tambaya yake yi! Kun ji? Tambaya!"

Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ce, "Lissafi ne ya tsaya ya ci gaba. Tukunya ma in ka janye wuta ka mayar, tafasa take."

Mutane suka zubar da duwatsu, masu guɗa na yi, masu rawa na yi, mai zuman nan ya fasa ciniki ya riƙa rabawa kyauta bai ma san dalilin murnar ba. Aka kawo mini jakata. Gwaggo ta ce in ɗauki jakin, tunda ni da shi hankalinmu ɗaya. Na durƙusa a ƙofarta zan yi godiya, ta ce in tashi ina tare mata haske. A raina kuwa na riga na shirya hanya, don an ba ni labarin wasu tsaunuka a kudu inda mutane ke musayar mafarki a kasuwa, can na nufa.

Na kama akalar jaki ke nan sai gangunan suka sake tashi. Malam ya waiga gabas, babu wanda ya zuba komai. Tun kafuwar birnin Kaka bai taɓa magana ba a tambaye shi ba. Malam ya saurara har kiɗan ya ƙare, sannan ya tako ya tsaya a gabana.

"Da kai yake. Ya ce: Mai tashi, gurbinka na nan ya cika. Wanda ka baro kafin ka zo nan fa, wa ya zauna a ciki?"

Na buɗe baki in ba da amsa, ni da ban taɓa rasa ta cewa ba, sai na yi gum kamar itacen kurmi. Na fita ƙofar gari, hanyar kudu tana hannun dama. Jaki ya tsaya yana jirana. Na juya shi hagu.

Ko Kaka yana ji, ko tsakuwa ce kawai ta faɗo yadda doka ta tura ta, har yau ban sani ba, na kuma tabbata tsofaffin nan suna can suna yi, ita daga cikin ɗaki, shi daga bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Na sake ratsa kogi hannuwana a aljihu, na ratsa kurmi ina tambayar miya, na sha aman teku, har na hango darbejiyar ƙofar gidanmu ta yi girman da ban san ta da shi ba.

Sauran kun gani da idonku. Abin da ba ku ji ba shi ne wanda ya faru bayan 'yan barka sun watse. Na sami Inna a madafa, ta rame, kanta ya yi fari. Na tsuguna na ce, "Inna, da na tafi, wa ya zauna a gurbina?"

Ta dube ni ta ce, "Gurbi? Tabarmar aro ce da wani zai zauna?" Ta miƙa hannu saman rumbu ta sauko da akushina, a wanke tas, babu ko ƙura. "Kullum in zan auna garin tuwo sai hannun nan ya zuba da kasonka. In ce masa ba ya nan, ya ƙi ji. 'Ya'yan maƙwabta duk sun yi ƙiba a kanka." Ta kwashe tuwo ta zuba miya ta turo mini. "Ci, kafin ƙafar ta fara ƙaiƙayi."

Miyar kuka ce, da daddawa, da man shanu, duka biyun.

Nan alƙalami ya tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda na ƙara gishiri, kowane gida da hannunsa.